Gani Ya Kori Ji: Tsokaci a Kan Begen Mawaƙan Ingila na Da a Talabijin

Gabatarwa

A ƙasar Ingila akwai wata al'ada da ta kafu sosai, watau zaman kallon tsofaffin hotunan ƙungiyoyin mawaƙan zamani waɗanda suka yi tashe daga shekarar 1963 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Al'adar ta ƙara ƙarfi a 1994, sa'ad da gidan BBC ya soma wani shiri mai suna TOTP2 wanda yake tsinto waƙoƙi daga ma'ajiyarsa. Daga watan Afrilu na 2011 kuma sai tashar BBC Four ta shiga maimaita shirin Top of the Pops ɗungurungum, ta faro daga na shekarar 1976. Dattawan da suka kalli waɗannan shirye-shirye suna samari da 'yan mata su ne suka fi ɗokin su, amma 'ya'yansu da jikokinsu ma suna bin gutsattsarin hotunan a intanet.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Masu wannan bege sukan ce mawaƙan da sun fi na yanzu iya waƙa, kuma hujjar da suke kafawa ita ce hotunan nan. Wannan maƙala za ta nuna cewa hujjar tana da rauni ta wannan fuska, saboda dalilai biyu. Na farko, a yawancin hotunan faifai ne yake juyawa, mawaƙan baki kawai suke motsawa. Na biyu, abin da ya tsira daga cikinsu ɗan ƙalilan ne, kuma sa'a ce ta tsirar da shi. Darajar hotunan tana wani wuri dabam, domin a cikinsu ne aka koyi mayar da waƙa abin kallo, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna su.

Yadda Talabijin Ya Zama Dandalin Mawaƙa

Kafin a fahimci ƙarfin da talabijin ya samu a kan waƙa a Ingila, sai an san halin da rediyo yake ciki a lokacin. Akwai yarjejeniya tsakanin BBC da kamfanonin faya-fayai da Ƙungiyar Makaɗa ta Birtaniya wadda ta ƙayyade yawan sa'o'in da za a riƙa sanya faifai a rediyo, don kada makaɗan da suke kiɗa kai tsaye su rasa abin yi. Saboda haka saurayin da yake son jin sababbin waƙoƙi sai ya jira dare ya kamo Rediyo Luxembourg, ko kuma, daga 1964, ya nemi tashoshin da suke watsa shiri daga jiragen ruwa ba da izini ba, irin su Rediyo Caroline. Sai a ƙarshen Satumba na 1967 BBC ta buɗe Radio 1 domin matasa. Tashoshin talabijin kuwa biyu ne tak har zuwa Afrilu na 1964, watau BBC da ITV. Duk ƙungiyar da ta samu minti uku a ɗaya daga cikinsu, ta shiga ɗakin zaman miliyoyin iyalai ke nan a dare guda.

Wanda ya fara gane abin da wannan dama take buƙata shi ne Jack Good, ɗaya daga masu tsara shirin Six-Five Special na BBC a 1957, wanda kuma ya ƙirƙiro Oh Boy! a ITV a 1958. Shi ne ya riƙa jera waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya ba tare da dogon surutu ba, yana wasa da haske da duhu a fuskar mawaƙi, yana kuma koya wa matasa irin su Cliff Richard yadda za su tsaya da yadda za su dubi kyamara. Tun daga nan aka san cewa murya kaɗai ba ta isa ba.

Ƙungiyar Beatles ta fara fitowa a talabijin ranar 17 ga Oktoba 1962, a wani shiri na gidan Granada da ke Manchester, a lokacin da faifansu na farko a ƙarƙashin kamfanin EMI bai cika mako biyu a kasuwa ba. Abin lura ne cewa waɗannan kamfanoni biyu, Granada da EMI, su ne Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da su wajen kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a cikin wannan shekara ta 1962. Shekara guda bayan haka, ranar 13 ga Oktoba 1963, Beatles suka fito a shirin daren Lahadi na zauren Palladium a Landan, wanda mutum wajen miliyan 15 suka kalla, kuma daga washegari jaridu suka shiga ba da labarin ihun 'yan mata. Ranar 9 ga Fabrairu 1964 kuwa mutum wajen miliyan 73 ne suka kalle su a Amurka a shirin Ed Sullivan. A waɗannan wurare biyu na ƙarshe, ihun masu kallo ya kusa rufe sautin kiɗan. Abin da ya shiga zukatan mutane shi ne samari huɗu masu kwat iri ɗaya da aski iri ɗaya, suna kaɗa kai, suna rusunawa tare a ƙarshen kowace waƙa kamar yadda manajansu Brian Epstein ya hore su.

Shiri Biyu, Tafarki Biyu

Shirye-shirye biyu ne suka fi tasiri a wannan zamani, kuma kowanne yana da nasa tafarki. Na farko shi ne Ready Steady Go!, wanda ITV ta nuna a yammacin kowace Jumma'a daga Agusta 1963 zuwa Disamba 1966. Masu tsara shi sun cika ɗakin shiri da matasan da aka zaɓo saboda iya rawa da iya ado, suka bar manyan kyamarori suna kutsawa a tsakaninsu, har mai kallo yana ganin wayoyi da ma'aikata. Mai gabatarwa Cathy McGowan ba ta ƙware da aikin ba, takan yi tuntuɓen harshe, amma wannan ya sa matasa suka ɗauke ta tamkar ɗaya daga cikinsu. Masu shirin ne suke zaɓen wanda zai fito bisa ga abin da ya burge su, ko da faifansa bai yi ciniki ba, kuma ta haka ƙungiyoyi irin su The Who suka samu shiga. A shekarar 1965 shirin ya koma kiɗa kai tsaye, kuma a cikin wannan shekara mawaƙiya Dusty Springfield ta jagoranci wani kashi na musamman da ya gabatar da mawaƙan baƙar fata na kamfanin Motown ga mutanen Ingila.

Na biyu shi ne Top of the Pops, wanda BBC ta fara ranar 1 ga Janairu 1964 daga wani tsohon coci a titin Dickenson a Manchester. Mai tsara shi Johnnie Stewart ya gindaya masa ƙa'idoji masu sauƙi: waƙar da take hawa a jerin faya-fayan da suka fi ciniki ita ake sanyawa, wadda ta soma gangarowa an sallame ta, kuma wadda take kan gaba da ita ake rufe shiri. A fitowar farko an ga Rolling Stones da Dusty Springfield da Dave Clark Five da Hollies da Swinging Blue Jeans, aka rufe da faifan Beatles. Ba da daɗewa ba shirin ya koma daren Alhamis, ya kuma ci gaba mako-mako har zuwa 30 ga Yuli 2006.

Idan aka kwatanta su, za a ga cewa shirin ITV ya fi ƙarfin hali da fasaha, amma bai kai shekara huɗu ba, domin ya jingina da yayin wani rukuni na matasan Landan, da yayin ya wuce sai ya bi shi. Shirin BBC kuwa ya miƙa wuya ga kasuwa, kuma wannan ne ya ba shi tsawon rai. Tun da ciniki ne alƙali, a dare guda sai a ga ƙungiyar masu tsawa da jita, a biyo da dattijo mai waƙar soyayya, a biyo da waƙar barkwanci ta yara. Uba da uwa da 'ya'ya suna gaban akwati ɗaya, uba yana tsaki, 'ya'ya suna murna, kuma tsakin uban yana cikin abin da yake ƙara wa 'ya'yan daɗi. A shekarun 1970 masu kallo sukan kai miliyan 15, a 1979 ma, lokacin da ma'aikatan ITV suke yajin aiki, sun haura miliyan 19.

Batun Motsa Baki

A shekarun farko na Top of the Pops ba a ɓoye wa kowa cewa faifai ake bi ba. Akan nuna wata budurwa tana ɗora faifan a kan garmaho a gaban kyamara, sa'an nan a juya ga mawaƙa suna motsa baki, jitocinsu sau da yawa ko waya babu a jikinsu. A 1966 Ƙungiyar Makaɗa ta tilasta aka hana wannan, sai BBC ta kawo makaɗanta a ƙarƙashin Johnny Pearson, daga baya kuma aka amince ƙungiya ta sake ɗaukar kiɗanta musamman domin shirin, ta zo ta bi shi. Ko ta wace hanya aka bi, abin da mai kallo yake ji a mafi yawan lokuta an riga an gama shi kafin a kunna fitilun ɗakin shiri.

Wasu mawaƙan ma da gangan suke tona asirin abin. A 1971, sa'ad da Rod Stewart da ƙungiyar Faces suka zo da waƙar Maggie May, sai suka zaunar da ma'aikacin rediyo John Peel yana kwaikwayon kaɗa mandolin, alhali kowa ya san bai iya ba, su kuma suka ɓuge da buga ƙwallo a bayan dandali. A 1988 kuma aka samu akasin haka: ƙungiyar All About Eve ta zauna shiru a gaban kyamara domin sautin bai iso gare su ba, alhali mutanen gida suna jin waƙar tana tafiya.

Wanda duk ya kafa hujja da irin waɗannan hotuna cewa mawaƙan da sun fi iya rera waƙa, to ya kafa ta a kan rairayi. Mai neman shaidar gwanintar hannu da murya sai ya nufi shirin The Old Grey Whistle Test, wanda BBC2 ta fara a 1971, inda galibi ake kiɗa kai tsaye a ɗan ƙaramin ɗaki ba 'yan kallo. Sai dai kuma ba daidai ba ne a yi watsi da hotunan motsa baki a ce yaudara ce kurum. Da aka sauke wa mawaƙi nauyin fitar da sauti, sai hankalinsa ya koma kan jikinsa da fuskarsa da tufafinsa, ya zama ɗan wasan kwaikwayo mai minti uku. A nan ne gwani yake bambanta da wanda ba gwani ba.

Abin da Ido Ya Gani

Rolling Stones sun fara fitowa a talabijin a watan Yuli na 1963 sanye da riguna iri ɗaya, kamar yadda aka saba. Nan da nan suka yar da su, domin manajansu Andrew Loog Oldham ya gane cewa kasuwarsu tana cikin zama kishiyar Beatles: ga masu rusunawa, ga masu murtuke fuska. Mick Jagger ya koyi cika allon talabijin da leɓe da kafaɗa, Pete Townshend na The Who kuma yana wulwula hannu a kan jita kamar farfela. A zamanin hoto baƙi da fari, siffar jiki da motsi su ne jarin mawaƙi.

Da hoto mai launi ya zo BBC1 da ITV a watan Nuwamba na 1969, sai ado ya karɓi ragama. A Maris 1971 Marc Bolan na ƙungiyar T. Rex ya fito da ƙyalli a ƙarƙashin idanunsa, abin da masana da yawa suke ɗauka a matsayin mafarin yayin ƙyale-ƙyale na shekarun 1970. Noddy Holder na Slade ya manna madubai a jikin doguwar hularsa, suna mayar da hasken fitilu cikin kyamara. Ranar 6 ga Yuli 1972 David Bowie ya rera Starman da jan gashi da tufafi masu launi barkatai, ya rataya hannu a wuyan makaɗin jitarsa Mick Ronson, ya kuma nuna kyamara da yatsa tamkar yana kiran yaro guda a cikin miliyoyi. Mawaƙa da dama da suka taso daga baya sun ambaci wannan dare a matsayin ranar da suka ƙudura yin waƙa. Abin da ya sa wannan fitowa ta yi fice shi ne Bowie ya fahimci cewa mai kallon talabijin yana zaune ne kusa da allo a cikin ɗakinsa, don haka ɗan ƙaramin motsi da aka yi shi a kan kari ya fi tsalle-tsalle isa gare shi.

Wannan tafarki shi ya kai ga faifan bidiyo na waƙa. Tun a 1965 Beatles suka soma ɗaukar gajerun finafinai suna aika wa gidajen talabijin maimakon su je da kansu. A Nuwamba 1975 ƙungiyar Queen ta ɗauki hoton Bohemian Rhapsody, waƙar da tsakiyarta ba ta reruwa a dandali saboda yawan muryoyin da aka ɗora bisa juna, kuma ta yi mako 9 a kan gaba. Daga nan har zuwa buɗe tashar MTV a Amurka a 1981, hanya a miƙe take. Ke nan abin da ake yi wa kallon zamanin tsantsar waƙa, shi ne ainihin zamanin da gani ya soma korar ji.

Abin da Aka Goge

Dalili na biyu da ya sa ya kamata a yi hattara da hujjar masu bege shi ne ƙarancin abin da ya rage. A wancan lokaci ana ɗaukar shiri ne a kan tef mai faɗin inci 2, mai tsada da cin wuri, kuma yarjejeniyar da aka yi da ƙungiyoyin ma'aikata ta taƙaita maimaita shiri. Da launi ya zo kuma sai aka ga hoto baƙi da fari ba shi da sauran kasuwa. Saboda haka aka riƙa goge tef ana ɗora sabon shiri a kai, har zuwa 1978 da BBC ta sake manufa ta soma adanawa. Daga cikin kashi 500 na farko na Top of the Pops, kimanin 20 ne kawai suka tsira cikakku. Kashin farko na 1964 yana cikin waɗanda suka salwanta, haka ma mafi yawan Ready Steady Go!

Sau ɗaya tak Beatles suka je ɗakin shirin Top of the Pops aka nuna su kai tsaye, ranar 16 ga Yuni 1966, kuma an goge wannan ma. Sai a 2019 aka samu ɗan guntu mai daƙiƙa 11 a hannun wani mai tara kayan tarihi a ƙasar Meziko, daga baya aka samu wani mai daƙiƙa 92 wanda wani mai kallo ya ɗauka daga allon talabijin ɗinsa da ƙaramar kyamara, ba sauti. Hoton Bowie yana rera The Jean Genie a Janairu 1973 ya tsira ne domin mai ɗaukar hoto John Henshall ya ajiye kwafi saboda wani gilashin kyamara da ya ƙera, sai a 2011 aka sake ganinsa. Har ila yau, da yawa daga hotunan ƙungiyoyin Ingila da ake yaɗawa a yau sun fito ne daga shirin Beat-Club na gidan Rediyo Bremen a Jamus, wanda ya gudana daga 1965 zuwa 1972, domin Jamusawa sun adana nasu.

Sakamakon wannan shi ne, shekarun 1960 da ake bege an gina su ne da 'yan gutsattsari da ake ta maimaitawa, kuma masu tsinto su sukan zaɓi mafi kyau. Da BBC Four ta soma nuna shirye-shiryen 1976 cikakku, sai masu kallo suka tarar da tarin waƙoƙi marasa armashi waɗanda kowa ya manta da su. Ashe bara ma tana da nata ƙaiƙayi, mantuwa ce ta sheƙe shi.

Abin da Bege Yake Rufewa

Akwai abubuwa da mai nazari ba zai kau da kai daga gare su ba. Kiɗan da waɗannan ƙungiyoyi suka yi suna da shi, tushensa na baƙaƙen fatar Amurka ne. Rolling Stones daga wata waƙar Muddy Waters suka samo sunansu, faifansu na farko kuma waƙar Chuck Berry ce, sa'an nan waƙar da Hollies suka zo da ita a kashin farko na Top of the Pops ta Maurice Williams ce. Mawaƙan kansu ba su ɓoye wannan bashi ba, amma masu begen sukan manta da shi. Haka kuma matan da aka fi gani a shirin mako-mako daga 1968 zuwa 1976 su ne 'yan rawa na Pan's People, waɗanda ake sa su cike gurbi idan mawaƙi bai samu zuwa ba, kuma yadda kyamara take bin jikinsu ya nuna matsayin da aka ba mace a shirin.

Mafi muni shi ne al'amarin Jimmy Savile, wanda ya gabatar da kashin farko a 1964, ya kuma fito a na ƙarshe a 2006. Bayan mutuwarsa a 2011 ta bayyana cewa ya shafe shekaru yana lalata da yara da mata, kuma binciken da Dame Janet Smith ta fitar a 2016 ya tabbatar da cewa wasu daga cikin laifuffukan a harabar BBC aka aikata su, har da wuraren ɗaukar wannan shiri. Tun daga 2012 BBC ta daina maimaita kason da ya gabatar. Wannan ya zama gogewa ta biyu, kuma tana tunatar da cewa matasan da ake gani suna rawa cikin fara'a ba duka ne suka koma gida lafiya ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa begen nan yana da tushe, sai dai masu yin sa sukan sa masa sunan da ba nasa ba. Abin da suke kewa shi ne daren Alhamis da ƙasa guda take kallon abu guda a lokaci guda, washegari a tattauna shi a makaranta da masana'anta, da kuma zamanin da ganin fuskar mawaƙi yake da wuya har minti uku suke da daraja. Wannan ba zai dawo ba, domin yawan tashoshi da intanet sun raba masu kallo. Amma hotunan da suka tsira sun cancanci nazari irin wanda ake yi wa wasan kwaikwayo: a dubi tsayuwa da sutura da kallon kyamara, a kuma yaba wa waɗanda suka iya, irin su Beatles da Bolan da Bowie. Darasin da ke cikin tarihinsu kuwa ya shafi kowane gidan talabijin da yake da tsofaffin tef a ɗakin ajiya. Abin da ma'aikatan 1966 suka ɗauka shirmen yara ne da ba ya buƙatar adanawa, shi ne aka wayi gari bayan shekara 53 ana murnar samun daƙiƙa 11 daga cikinsa.